Sabon fenti a tsohon zaure

Wani yayi ya shigo ma'aikatu da kampanonin Maradi, har da manyan ƙungiyoyi: kowa so yake ya sake dandalinsa na cikin gida. Ina nufin shafin nan na intanet da ma'aikaci ke shiga da lambar sirri don ya ga sanarwar shugabanni, ya ɗauko takarda, ya aika rahoto. Ana kiran matashin da ya iya kwamfuta, a ce ya canza launi, ya ɗora hoton darakta babba a sama, ya ƙara maɓallai. Wata 2 baya an ƙaddamar, sai ka iske kowa ya koma gurup ɗin WhatsApp kamar ba a taɓa yin komi ba.

Ni ina goyon bayan gyaran, kada a fahimce ni baibai. Gurup ɗin WhatsApp ba wurin ajiyar aiki ba ne. Umurnin darakta na nutsewa tsakanin barka da Juma'a da sanarwar suna da bidiyon da wani ya turo bisa kuskure. Wanda ya bar aiki yana tafiya da rabin tarihin kampanin cikin salularsa. In waya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake gyaran: shugabanni 4 ko 5 su rufe ƙofar biro, su zana ma kansu abin da zai burge su, sa'annan su yi mamakin mi ya hana mutane shiga.

Na yi aiki a wani kampanin saye da sayar da amfanin gona, ba zan kama sunansa ba. Hedikwata cikin garin Maradi, sito a Tibiri, masu saye a Jiratawa. Duba taswira ka ga tafiyar da babur ke yi cikin ƙasa da awa guda. Duba takardun mulki kuma ka ga duniya 3: Maradi birni ne mai gundumomi 3, Tibiri na ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa na ƙarƙashin Madarumfa. Haka labari ma yake rabuwa. Mai saye a gonakin rani na Jiratawa, inda ake ban ruwan sama da hekta 500, ya san tun da sassafe cewa kuɗɗin buhun zogale ya motsa. Mai sito a Tibiri ya san wurin ajiya ya kusa cika. Darakta kuwa sai ranar taron mako zai ji, lokacin an riga an sayi kayan da babu inda za a sa su. Dandalin da muke da shi yana da shafi mai kyau na jawabin shugaba. Babu ko lungu guda inda mai sito zai rubuta "kada ku ƙara turo mota".

Kuma ba wai Hausawan wannan yanki ba su san tsarin shawara ba. A fadar Katsinar Maradi, Galadima da Ƙaura da Durbi da Ƴandaka su ne ginshiƙan sarauta, sarki bai yanke babbar magana ba tare da su ba. A Tibiri akwai Tara ta Gobir. Akwai jakadu masu kai saƙo ƙauye su dawo da amsa, akwai mai shela. Abin lura shi ne dawowar nan. Jakadan da ya tafi bai dawo da bakin talakawa ba, rabin aiki ya yi. Mu da muka yi lakwal sai muka gina dandali mai mai shela kaɗai, muka kori jakada.

To mi ya kamata a duba? Na farko dai harshe, kuma nan zan daɗe. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Amma tun kafin doka, da wane harshe direba da mai gadi da mai awo ke aiki? Dandalin da aka rubuta shi kaf da Faransancin takardar gwamnati ya riga ya zaɓi masu shigarsa. Wani zai ce ai da yawa ba su karanta Hausar boko ma. Gaskiya ne, shi ya sa WhatsApp ya ci kasuwa: mutum ya danna ya yi magana. Saboda haka duk dandalin da bai karɓar saƙon murya ya faɗi tun kafin a buɗe shi. A bar mai sito ya yi maganarsa ta minti guda, sakatare ya taƙaita ta cikin layi 2 a ƙasa, da kwanan wata da sunan wanda ya kamata ya amsa. Muryar don saurin aiki, rubutun don gobe in gardama ta tashi. Haka ma daga sama: darakta ya rubuta shawararsa, ya kuma karanta ta da bakinsa da Hausa. Minti 2 ne, ba zai mutu ba.

Sai wuta da rezo. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke lantarkin da take ba mu, alhali layin da ke ciyar da Maradi daga Katsina yake shigowa. Wanda ya ga wancan lokaci bai kamata ya gina shafi mai nauyin hotuna da sai da kwamfutar biro yake buɗewa ba. A gwada shi da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a bakin rijiyar ban ruwa, da layin Airtel, da na Moov, da na Zamani. In bai buɗe can ba, bai buɗe ba. Kuma wa ke biyan kuɗɗin intanet ɗin? In ma'aikaci mai ƙaramin albashi ne zai cire jika guda daga aljihunsa don ya karanta sanarwar mai gidansa, kada a zarge shi in ya jira wani ya ba shi labari.

Maganar da shugabanni ba su son ji ita ce ta amsa. Kowane saƙo da ya hau sama ya kamata ya nuna ranar da ya shigo, hannun wa yake, da ko an amsa. Kowa ya gani. Nan ne ake gane mai son haɗin kai da mai son hoto, don irin wannan shafi yana tona asirin wanda ke kwantar da takarda mako 3 bisa teburinsa. Na sha jin ana cewa wai zai zubar da girman manya. Ni ban ga girman da ke zubewa don an amsa ma ƙarami cikin kwana 2 ba. Su kansu shugabannin sassa ma sun huta: mai kuɗi ya ga abin da mai saye ya alkawarta kafin a zo masa da takardar biya da yamma ranar Alhamis.

Akwai wata ƙura kuma, ta inda ake ajiye kayan. Kampanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya taɓa buɗe ma ma'aikatu dandali mai suna Workplace, manyan kampanonin duniya suka kwashe aikinsu suka zuba ciki. A watan Mayu na 2024 ya ba da sanarwar zai rufe shi. Su masu kuɗɗi sun kwashe kayansu sun sake gida. Mu fa? Kafin a sa hannu da kowane mai gina shafi, a tambaye shi yadda za a fitar da takardu duka in an rabu. A kuma tuna akwai hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan mutane. Albashi da takardar asibiti da lambar wayar ma'aikaci ba kayan zubawa cikin gurup ba ne.

Ku matasan da ake kira ku gina waɗannan shafuka, da yawanku daga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kuka fito, kuma na san kwangilar farko tana da daɗi, ba a son ɓata ma mai biya rai. Duk da haka ku roƙi abu guda kafin ku taɓa kwamfuta: a ba ku kuɗɗin mai da kwana 2, ku wuni a siton Tibiri, ku wuni a gonakin Jiratawa, ku zauna da mai awo da direba ku ga wace waya ke hannunsu da wa suke kira in abu ya ɓaci. Ku rubuta wannan cikin takardar farashinku, layi na farko, sama da kuɗɗin zanen tambari.