Kiɗa da Waƙa: Gidajen Minsk sun yi magana

A shekarar 2017, a Minsk, babban birnin ƙasar Belarus, wasu samari suka kafa ƙungiyar kiɗa, suka raɗa mata suna Molchat Doma, wato "gidaje sun yi shiru" da Rashanci. Egor Shkutko ke waƙa, Roman Komogortsev ke riƙe da gita da na'urar da ke madadin makaɗin ganga, Pavel Kozlov kuma ke kaɗa gita mai babbar murya. Ba su da wani babban kamfani a bayansu. Faifansu na biyu, Etazhi, wani ƙaramin kamfanin Jamus ne ya fitar da shi a 2018.

Kiɗan nasu ba na buki ba ne. Ganga tana bugu ɗaya kamar agogo, babbar gita tana jan gaba, muryar mawaƙin kuwa tana fitowa can ƙasa, sai ka ce daga cikin rijiya. Wannan salo, da ake kira post-punk, ya taso ne a Ingila ƙarshen shekarun 1970, wajen ƙungiyoyi irin su Joy Division ta Manchester. A Tarayyar Sobiyet ma, ƙungiyar Kino ta Viktor Tsoi ta bi sawunsa cikin shekarun 1980.

A 2020, lokacin da cutar korona ta kulle mutane cikin gida, sai waƙarsu Sudno ta bazu a TikTok. Matasan Turai da Amurka suka yi ta rawa da nuna tufafi a kanta, alhali galibinsu ba su jin Rashanci. Baitocin kuwa na Boris Ryzhy ne, marubucin da ya kashe kansa a 2001 yana ɗan shekara 26. Ɗakin asibiti suke siffantawa, sunan waƙar ma yana nufin kwanon bawalin majinyaci.

Wasu na ganin rawar wulaƙanci ce ga mamacin. Amma da wuya a ce masu rawar ba su ji kome ba: a shekarar da gidajen duniya suka yi shiru da gaske, kaɗaicin da ke cikin muryar ya iso kunnensu tun kafin a yi masu fassara. Da yawa ta nan suka fara jin sunan Ryzhy.

Cikin watan Agusta na shekarar 2020, jama'ar Minsk suka fito zanga-zangar ƙin sakamakon zaɓen shugaba Lukashenko, aka kama dubbai. Daga baya ƴan ƙungiyar suka ƙaura zuwa Los Angeles, suka fitar da Belaya Polosa a 2024. Harshen waƙar dai bai sake ba: Rashanci ne.