Kafin a sayi allo, a nemo samfurin kwaikwayo

A hutun da ya gabata wani ɗan 'yar'uwata, ɗalibin injiniyan lantarki a ajin ƙarshe, ya dawo gida Zuru da allon FPGA da aka saya masa da kuɗin dawar bara. Aikinsa shi ne tsara da'irar da za ta riƙa ajiye bayanai cikin ƙwayar ma'adana irin ta SDRAM, tana kuma ɗauko su. A kwamfutarsa komai ya tafi sumul. Da ya ɗora a kan allon, sai lambobin suka riƙa dawowa a hargitse. Mako biyu yana zargin allon da wanda ya sayar masa, har wutar unguwarmu sai da ta sha zagi.

Ashe laifin nasa ne. Da ya tashi gwaji, shi ya rubuta samfurin ƙwayar da hannunsa: ka ba ta ta riƙe, ka nema ta mayar nan take. Wato ɗalibi ya shirya jarrabawa, ya zauna ya rubuta, ya kuma duba wa kansa. Ƙwayar gaske ba ta da wannan sauƙin kai. Bayan an buɗe layi sai an jira wasu nanosakan kafin a karanta, abin da takardar kamfani ke kira tRCD, haka ma bayan an rufe shi. Sannan kowane ɗigon bayani caji ne a cikin 'yar kafasita mai yoyo, dole a sabunta dukkan layuka cikin milisakan 64. Mai layi 8,192 ke nan tana bukatar umarnin sabuntawa kusan duk maikirosakan 7.8.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Kamfanin Micron na Amurka yana ajiye samfuran ƙwayoyinsa da dama cikin harshen Verilog a shafinsa na intanet, kuma irin wannan samfuri yana tsawatarwa da zarar an karya ƙa'idar lokaci. Free Model Foundry ma ta tara samfura masu yawa, musamman na VHDL. Manhajojin gwajin, Icarus Verilog da GHDL da GTKWave, duk kyauta ne, kuma tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarsu.

Ba na cewa hanyar ba ƙaya. Sai ka karanta lambar da ke jikin ƙwayar har zuwa ajin gudunta, domin samfurin maƙwabciyarta na iya yaudararka. Wasu samfuran sababbin ma'adanai a kulle suke, ba sa aiki sai da manhajoji masu tsada. Sana'a ce babba, shi ya sa Cadence ya sayi kamfanin Denali a 2010. Samfuri kuma ba ya hutar da kai karatun takardar kamfani, don ba kowace ƙa'ida yake dubawa ba. Amma SDRAM da ke kan allunan ɗalibai ba ta cikin masu tsadar.

Abin da nake nema daga malamai masu duba ayyukan ƙarshe a manyan makarantunmu ɗan kaɗan ne: kada su bari ɗalibi ya sa iyayensa sayen allo da farashin dala sai ya kawo sakamakon gwaji da samfurin kamfani, ba nasa ba.

Yaron dai ya sauko da samfurin ta wayarsa. Gwajin farko ya cika fuskar kwamfutar da ƙorafin tRCD. Ya ƙara jira tsakanin buɗe layi da karantawa, kafin sallar isha'i lambobinsa suka fara dawowa yadda ya ajiye su.