Darasi Daga Dokar Coci: Aure Sai Da Yardar Masu Yinsa

A shekarar 1469, a yankin Norfolk na ƙasar Ingila, wata budurwa mai suna Margery Paston, 'yar gidan masu filaye da dukiya, ta ƙulla aure a ɓoye da Richard Calle, wakilin da ke kula da gonakin gidansu. Da maganar ta fito, sai gida ya ɗauki zafi, don a ganin danginta zubar da girma ne 'yarsu ta auri bara. Magana ta kai gaban bishop na Norwich. Ya kira ta, ya tuna mata asalinta da irin gatan da za ta rasa, sannan ya nemi ta maimaita kalmomin da ta faɗa wa Calle. Ta maimaita, ta tsaya kai da fata. Ya yi wa Calle tambayoyi shi kaɗai, maganarsu ta zo ɗaya. Uwarta ta hana ta shiga gida, amma auren ya tabbata.

Abin da ya ɗaure hannun wannan dangi hukunci ne da ya kafu tun zamanin Paparoma Alexander na Uku, wanda ya yi mulki daga 1159 zuwa 1181: yardar namiji da mace, da bakinsu, ita ke ƙulla aure, ko iyaye sun so ko sun ƙi. Masu mulki ba su ji daɗin wannan ba, domin ta hanyar aure suke haɗa gado da sarauta. A 1556 Sarki Henri na Biyu na Faransa ya ba iyaye ikon hana gado ga ɗan da ya yi aure ba da izininsu ba. A babban taron Cocin Katolika na Trento, wakilan Faransa sun matsa a mai da izinin iyaye sharaɗin ingancin aure. A 1563 taron ya wajabta a ɗaura aure gaban limamin coci da shaidu don a magance auren ɓoye, amma ya ƙi miƙa wa iyaye wuƙa da nama.

Kundin dokokin Cocin Katolika na 1983 yana nan a kan haka. Doka mai lamba 1057 ta ce babu wani iko na ɗan Adam da zai maye gurbin yardar ma'aurata, mai lamba 1103 kuma ta rushe auren da aka shiga saboda tilas ko tsoro mai tsanani. Gaskiya ne dokar coci tana da tsauri ta wani gefen, tunda ba ta yarda da saki ba. Shi ya sa ma ta tsananta bincike tun kafin a shiga.

Mu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga wannan ƙa'ida. Khansa'u bint Khidam, bazawara ce da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai kuka wurin Annabi (SAW), ya warware auren. Duk da haka, a garuruwanmu har yau ana ɗaura wa yarinya aure tana kuka a ɗaki, a ce kunya ce, a ce za ta saba. Ƙarshenta sai yaji, ko gudu zuwa birni, ko abin da ya fi haka muni.

Abin koyi a nan shi ne tsari. Yarda ba ta da amfani a littafi in babu wanda zai tambayi yarinya ita kaɗai, inda idon uba ko na kawu ba ya kanta. Ya kamata limamanmu da waliyyai su mai da wannan tambaya al'ada kafin a raba goro, alƙalai kuma su saurari wadda ta zo da kukan tilas ba tare da an kira ta mara kunya ba. Haƙƙinta ne a addini, kuma wanda ya tauye mata shi zai amsa tambaya gaban Allah.