Kura da shan hayaƙi, gardi da karɓar diyya

Wata magana ta zama ruwan dare a fadojin matasa da bakin 'yan bokonmu, daga Agadas har Kano: wai abin da ya hana talaka samun haƙƙinsa shi ne rashin irin lauyoyin Ingila, masu ɗaukar shari'a ba tare da karɓar ko dala ba, sai an ci nasara su yanki kasonsu. In an faɗi, a cewarsu, ka kaɗe rigarka ka tafi gida. Hujjar da suke kafawa ita ce shari'ar motocin gazuwal. Na ji maganar nan har na gaji, kuma ban yarda da ita ba.

A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin Volkswagen. Kamfanin ya dasa wata manhaja da ke gane lokacin da ake gwajin mota, sai injin ya yi ladabi. Da an hau titi sai ya saki hayaƙi mai guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa. A Ingila, cikin 2022, kamfanin ya amince ya biya fam miliyan 193 ga mutum kusan 91,000, wato wajen fam 2,100 kowanne, kafin lauyoyi da masu zuba kuɗin shari'a su cire nasu. A watan Oktoba na 2025 kuma babbar kotun Landan ta fara sauraren irin wannan ƙara a kan Mercedes, Ford, Renault, Nissan da Peugeot.

To, wa aka biya? Mai mota, mai takardar saye. Yaron da ke fama da ciwon fuka a gefen hanya bai samu sisi ba, domin ƙarar ta ciniki ce: an sayar mini da abin da ba shi aka faɗa mini ba. Mota kuwa in ta tsufa a Turai ba a binne ta. Ana loda ta a jirgi zuwa Kwatano ko Lome, mu yi rububinta. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga tsofaffin motoci miliyan 14 da aka fitar daga Turai, Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka nufa. Man da aka daɗe ana zuba musu ma nasa labarin daban: a 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta auna gazuwal a gidajen man Afirka, ta samu wanda farar wutar cikinsa ta ninka ƙa'idar Turai sau 378. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita kanta "kyautar" a duba ta da kyau, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. A dokar Ingila wanda ya faɗi shari'a shi ke biyan kuɗin lauyoyin wanda ya kayar da shi. Lauyanka ya yafe maka nasa, amma na abokin gaba fa? Inshora ake saya ta tare wannan, in ta tare. A farkon 2024 wani kamfanin lauyoyi na garin Shafil mai suna SSB Law ya durƙushe, sai ga mutanen da aka yi wa alkawarin ba za su biya komai ba suna karɓar takardun bashin dubban fam, wasu har ana barazana ga gidajensu.

Ba sai mun je nesa ba. A watan Agusta na 2006 aka zubar da dattin jirgin ruwan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, a unguwannin Abijan. Lauyoyin Leigh Day na Landan suka tara mutum kusan 30,000 a kan wannan tsari na sai an ci a biya. A 2009 aka sasanta a kan fam miliyan 30, kowa ya tashi da kimanin fam 1,000. Takardar kuɗin aikin da lauyoyin suka miƙa wa Trafigura kuwa ta fam miliyan 105 ce, har sai da aka koma kotu a kanta. Sannan wasu 'yan gari suka yi awon gaba da wani ɓangare na diyyar, mutum kusan 6,000 ba su ga komai ba, kuma a 2016 kotun Landan ta samu lauyoyin da sakaci wajen tsare kuɗin. Na sani, da ba su shiga ba, ƙila mutanen Abijan ko fam ɗaya ba za su gani ba. Amma sana'a ce, kuma ɗan kasuwa yana zaɓen hajarsa: yana son masu ƙara da yawa, da takardu a hannu, da kamfanin da kotun Landan za ta iya damƙe wa aljihu.

Yanzu a ɗora wannan ma'auni a kan Tegidda-n-Tesemt, arewa da Ingal. Ƙaramin gari ne da ke rayuwa da ramukan gishiri: a jiƙa ƙasa mai gishiri da ruwan rijiya, a tace, a bar wa rana ta busar, a sayar wa makiyaya don dabbobinsu. Dukiyar garin duka ruwa ne da ƙasa. Kusa da shi akwai Azelik, inda masana da dama ke ganin nan ce tsohuwar Takadda mai tagulla da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, inda kuma aka kafa kamfanin yuraniyom na SOMINA a 2007, mafi yawan hannun jarinsa na 'yan Sin. Ya yi aiki 'yan shekaru ya tsaya, tun 2023 kuma ake maganar sake buɗe shi. In gobe rijiya ta ɓaci, wane lauyan Landan ne zai zuba kuɗinsa a ƙarar 'yan gishiri da makiyayan da ba su da rasit ɗin ko raƙumi ɗaya? Ko ya zo, abin da zai fara tambaya shi ne: yaya ruwan yake kafin a fara haƙa? Mutanen Kano sun ɗanɗana irin wannan. An gwada maganin Trovan na Pfizer a kan yara lokacin sanƙarau na 1996, aka sasanta a 2009, amma sai 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar 'ya'yansu ne.

Don haka 'yan bokonmu su daina sayar wa mutane mafarkin lauyan kyauta, su juya kan Yamai. A 2020 ƙungiyar CEDEAO ta tsayar da ƙa'idar farar wuta a gazuwal kan kashi 50 cikin miliyan. Nijar ta fice daga ƙungiyar, saboda haka ƙa'idar man da ke fitowa daga matatar Damagaram da na kan iyaka yanzu a wuyan gwamnatinmu kaɗai take. A faɗa mana nawa ce, kuma wa ke aunawa. Kafin injin farko ya sake tashi a Azelik, a ɗebi ruwan kowace rijiya daga Tegidda zuwa Ingal a auna, a rubuta sakamakon da Faransanci da Hausa da Tamashek, a ba hakimin gari kwafi, a ba masu ramukan gishiri nasu su adana.