Koras ko Filanja: Wace Feda ce ta Dace da Ɗalibi?

Duk ɗalibin da ya mallaki jitar lantarki da 'yar amfilifaya, ba ya daɗewa sai ya fara sha'awar feda, wato wannan ƙaramar na'ura da ake takawa da ƙafa domin ta sauya amon jita. Matsalar ita ce kuɗin ɗalibi ba ya sayen biyu. To, tsakanin koras da filanja, wacce zai ɗauka? A ganina koras ce, kuma ga dalilina.

Su biyun 'yan gida ɗaya ne. Kowacce tana kwafar sautin da ka kaɗa, ta ɗan jinkirta kwafin, sannan ta gauraya shi da na asali. Bambancin yana ga tsawon jinkirin. A koras, yakan kai kamar kashi 20 zuwa 30 cikin dubu na sakan, kuma yana ƙaruwa yana raguwa a hankali. Mai nazarin waƙar baka zai gane wannan nan take: idan 'yan amshi uku suka ɗauki baiti ɗaya, ba sa taɓa faɗawa daidai wa daida, wani ya ɗan riga, wani ya ɗan makara, kuma wannan saɓanin ne yake ba amshin kauri. Haka koras take yi wa jita ɗaya, sai ka ji kamar biyu ne. Ita kuwa filanja jinkirinta gajere ne ƙwarai, galibi ƙasa da kashi 10, sannan tana mayar da wani ɓangare na sautin cikin kanta. Abin da ke fitowa shi ne wani huci mai hawa da sauka, kamar jirgin sama ya wuce ta saman ɗaki.

Wanda yake son jin bambancin da kunnensa, ya saurari farkon "Come As You Are" ta Nirvana, ta shekarar 1991, inda Kurt Cobain ya yi amfani da koras ɗin Small Clone. Daga nan ya saurari "Unchained" ta Van Halen, ta 1981, wadda filanjar MXR ce take huci a cikinta.

Sai dai mu tambayi kanmu, a ina mafi yawanmu muke kaɗa jita? A wurin biki ne, da coci, da daren al'adu na makaranta. Kiɗan kuwa hailaif ne da makosa da danginsu, inda ake tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, kowane sauti a fili. Koras tana ƙara wa irin wannan tsinka sheƙi ba tare da ta rufe ta ba, har mutum ya iya barin ta a kunne tun daga farkon taro zuwa ƙarshe. Filanja kuwa yaji ce. Minti ɗaya da ita daɗi ne, minti goma kuma sai mawaƙi ya fara waiwayowa yana harararka.

Masu goyon bayan filanja suna da hujja mai ƙarfi, ba na musu. Sukan ce idan ka rage mayar da sautin, ka sassauta gudun, filanja za ta kwaikwayi koras, alhali koras ba ta iya yin hucin filanja. Gaskiya ne. Amma kwaikwayon yana bukatar kunnen da ya goge, kuma sabon shiga bai kai nan ba. Boss CE-2 ta 1979 maɓallan murɗawa biyu kacal gare ta, na gudu da na zurfi. Filanjar kamfanin, BF-2, huɗu gare ta.

Idan ka shiga kasuwa irin ta Alaba a Legas, tafi da jitarka, kuma kada ka biya sai an jona fedar ka ji ta. Ka duba abin ba ta wuta: yawancin waɗannan fedoji bolt 9 suke ci, kuma adafta mara kyau takan cika amfilifaya da gurnani, wata ma ta ƙona fedar. Ka riƙa ajiye batir a jakar jita saboda ranar da aka ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji.