Kafin Ka Yi Wa Hilux Ɗinka Remap, Ka Tuna Da Wayar Da Ka Taɓa Kashewa

Duk wanda ya taɓa yi wa wayarsa root ya san daɗin da ake ji a ranar farko. Ni ma na sani. Na taɓa ɗora wa wayata wata manhaja da na sauke a intanet don ta ƙara sauri. Ta ƙara kuwa, amma sai ta riƙa zafi kamar dutsen guga, batir ba ya kai azahar, daga baya ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Wannan ne ya faɗo mini a rai da yayana ya ce zai yi wa Hilux ɗinsa mai amfani da dizal abin da ake kira remap. Motar nan da ita yake ɗaukar kaya kullum, da ita yake ciyar da gida.

Remap aikin manhaja ne. Injin dizal na zamani yana da ƙwaƙwalwa da ake kira ECU, ita ke yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin fesawar, da yawan iskar da turbo zai tura. Mai gyara yakan jona kwamfuta a ramin OBD da ke ƙasan sitiyari, ya sauya waɗannan lambobin. Motar za ta ƙara ƙarfi, wannan gaskiya ne. Tambayar ita ce, daga ina ƙarfin ya fito?

Ya fito ne daga rarar da kamfani ya bari da gangan. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan: ba ka cika sabar har wuya, domin ranar da mutane suka yi yawa. Rarar injin ita ke kare shi ranar da zafin Afrilu ya haura digiri 40, ko ka sha gurɓataccen mai a hanya, ko ka loda buhunan masara ka nufi gangare da hawa. Ka ƙara mai, zafin hayaƙi ya ƙaru, turbo da fistin su ɗauki nauyin. Ka ƙara ƙarfin juyi, kuloci ya fara sulɓewa.

Duba abin da Toyota da kanta ta yi. Injin 2.8 da ta fitar a 2015 yana da ƙarfin doki 177. A 2020 ta ɗaga shi zuwa 204, amma ba lambobi kawai ta taɓa ba, sai da ta sa turbo mafi girma ta kuma inganta sanyaya injin. Mai laptop a bakin gareji rabin aikin zai yi maka, garantin mota kuma ya tafi.

Ba na cewa remap haramun ne. Idan kana da wata motar, kuma kana da kuɗin sauke inji, ka yi wasanka. Amma ka tabbata an adana maka fayil ɗin asali kafin a taɓa komai.

Ga mai mota ɗaya kuwa, shawarata ita ce wadda na ba Yaya. Sayi ƙaramin na'urar ELM327, ka haɗa da manhajar Torque a wayarka, ka riƙa ganin zafin inji da lambobin matsala. Ka canja filtar mai da ta iska a kan lokaci, musamman da hunturu, ka wanke lagireto, ka sa baƙin mai mai kyau. Sau da yawa ƙarfin da kake nema yana nan, datti ne ya danne shi.

Waya idan ta mutu, ka ari ta ƙaninka kafin gobe. Mota idan ta tsaya da kaya tsakanin Kano da Maraɗi da tsakar rana, wa zai ara maka tasa?