Titin Gari Ba Filin Sukuwa Ba Ne

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Galmi, Maraɗi da Tasawa har Damagaram ya san ba ta kauce wa garuruwa ba, ta cikin yawancinsu take ratsawa. A daji hanyar mota ce, ba mai gardama. Amma da ta shigo gari sai ta zama ta kowa. A bakinta mai albasa yake kasa kayansa, ita 'yan makaranta suke tsallakawa safe da rana, a kanta ɗan garuwa yake tura kurarsa, ita kuma makaho yake bi da ɗan jagoransa. Direba kaɗai ne bai yarda hanyar ta sake hali ba. Yadda ya taho a guje daga daji haka yake so ya keta gari, yana ta danna ham, sai ka ce mutanen gari su ne suka shigo masa gida.

Maganata guda ɗaya ce. A duk titin da mota da mai tafiya a ƙasa suke cuɗanya, watau kusa da kasuwa, makaranta, asibiti, tasha, masallaci, majami'a da cikin unguwa, bai kamata abin hawa ya wuce kilomita 30 a awa ɗaya ba. Hukumar kowane gari ce ya kamata ta kafa wannan iyaka, ta kuma tsare ta. Allon da yake bakin garuruwanmu da yawa 50 yake cewa, ba a ma bin sa. Ni kuwa na ce ko da ana bin sa, 50 ta yi yawa a inda yara suke.

Bari mu fara da yawan ɓarnar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur. Ga yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29, hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kisa a duniya. Yankin Afirka ne ya fi kowa hasara in an auna da yawan jama'a, wajen mutum 19 cikin kowane dubu 100 a shekara, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Da annoba ce take ɗibar 'ya'yanmu haka, da tuni an yi shela a rediyo, an rufe makarantu, an kawo allura. Da yake mota ce, sai mu yi jana'iza mu koma gida.

Mai karatu, ka yi haƙuri mu yi ɗan lissafi, gama a nan ne direbobi suke ruɗin kansu. Motar da take gudun kilomita 30 tana cin mita 8 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 50 tana cin kusan mita 14. Daga lokacin da idon direba ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarsa ta taka birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce, wannan ma in direban a farke yake, ba ya waya, ba ya hira. A kan busasshiyar kwalta, da birki mai kyau, mai gudun 30 zai tsaya cak cikin mita 13 ko kusa da haka. Mai gudun 50 sai ya ci wajen mita 28. Ka lura da wannan da kyau: a daidai wurin da mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma taɓa birkinsa ba tukuna. Da dukan gudunsa zai buge yaron. To, balle kwaltarmu da rairayi ya rufe rabinta, da tayoyin gwanjo da suka riga suka suɗe kafin su iso mu.

Ƙarfin bugun kuma ba ya ƙaruwa sannu sannu. In gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Mutumin da mota ta buge da gudun 30, kamar ya faɗa ramin da zurfinsa gaba biyu ne, watau mita uku da rabi. Zai ji jiki, watakila ya karye, amma yawanci yakan tashi. Wanda aka buge da gudun 50, kamar an jefa shi busasshiyar rijiya ce mai zurfin mita 10, gaba biyar da 'yan kai. Wane uba ne zai yarda a haƙa irin wannan rijiya a ƙofar makarantar 'ya'yansa a bar ta a buɗe? Ga shi kuwa mun yarda da abin da ya yi daidai da ita, muna kallonsa yana wucewa daga safe har dare.

Wani zai ce, "Ai lokaci kuɗi ne, in muka bi 30 yaushe za mu isa?" Mu auna. A ce tsakiyar gari kilomita 3 ce daga wannan baki zuwa wancan. Da gudun 50 za ka ratsa ta cikin minti 3 da daƙiƙa 36. Da gudun 30, minti 6. Abin da ka samu da gudunka bai kai minti biyu da rabi ba. Direban da ya zauna awa biyu a tasha yana jiran fasinja ɗaya ya cika mota, ya tsaya shan shayi a hanya, ya tsaya gaisawa da abokinsa, shi ne zai ce minti biyu da rabi sun fi ƙarfinsa? In kuwa ya buge mutum, ba minti ba, kwanaki zai yi a hannun jandarma, motar tana ajiye. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Wani kuma zai ce wannan al'adar Turawa ce, ba ta dace da mu ba. Gaskiya ne su suka fara. Birnin Giraz na ƙasar Ostiriya ya sa 30 a yawancin titunansa tun 1992. Burusel ta bi a farkon 2021, Sifen ta sa wa ƙananan titunan biranenta a watan Mayu na shekarar, Paris kuma a watan Agusta. A taron ministocin duniya da aka yi a Istokholm cikin Fabrairu 2020 an yi kira a sa 30 duk inda motoci da mutane suke cuɗanya, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ɗauki niyyar rage mutuwar hanya da rabi daga 2021 zuwa 2030. Amma ku duba, waɗannan birane suna da gefen titi na masu tafiya a ƙasa, da fitilun tsallakawa, da motar asibiti mai zuwa nan da nan. Duk da haka suka ga 50 ta yi musu yawa. Mu da ba mu da gefen titi, mu da ake ɗaukar wanda ya ji rauni a bayan babur ko a amalanke, mu ne za mu ce ba mu bukata?

Ba ma sai mun je Turai ba. Dokar hanya da Gana ta yi a 2012 ta sa 30 kusa da makaranta, asibiti, kasuwa, masallaci da majami'a, ta sa 50 a sauran cikin gari. Tun kafin wannan, a mararrabar Suhum da take kan hanyar Akra zuwa Kumasi, inda hatsari ya yi yawa, an jera ƙananan tudunni a kan kwalta domin su tilasta wa direba ya sassauta. Daga farkon 2000 zuwa Afrilu 2001 hatsari ya ragu da wajen kashi 35 cikin 100, mutuwa kuma da wajen kashi 55. Direbobin Gana ba mala'iku ba ne, motocinsu irin namu ne. An dai gyara hanyar ne yadda gudu ba zai yiwu ba.

Sai babbar hujjar da ta fi kowace kashe mu, wadda ake faɗa a gidan makoki: "Ƙaddara ce, kwanansa ne suka ƙare." Iyaye su ce sun yafe, direba ya kawo buhun hatsi, magana ta mutu. Yafewa abu ne mai kyau, ba ni da ja a kanta. Amma yafe wa direba dabam, barin titin yadda yake domin ya ci yaro na gaba dabam. A Littafin Maimaitawar Shari'a, sura 22, an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan gidan. Ba a ce ya bar rufin haka nan ba, wai wanda ya faɗo kwanansa ne suka ƙare. Wanda ya san wuri na hallaka mutane, yana da ikon gyarawa, ya ƙi, alhaki na kansa. Rubuta addu'a a bayan mota ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Mai taka totur a gaban makaranta yana cewa Allah ya kiyaye, gwada Allah yake yi.

Kada kuma mu ɗora wa ɗan kabu-kabu da mai adaidaita laifin duka, ko da yake suna da nasu. Mai babur da ya yanka wa yaro kuɗin da zai kawo masa kowace yamma, kuɗin da ba ya samuwa sai da gudu, yana da hannu. Manya masu keta gari da jiniya suna koya wa ƙanana cewa doka ta talaka ce. Mu ma 'yan ikilisiya sai mu dubi kanmu. Ranar ɗaurin aure, daga ƙofar majami'a ake tashi da jerin motoci da babura, samari suna tsere suna wasa da babur a tsakiyar titi, dattawa suna kallo suna murmushi. Amaryar ba za ta tsere ba in an kai ta a hankali. Dattawan ikilisiya suna da ikon cewa ba a yin wannan a bikin da aka ɗaura a wurinmu, sai su faɗa.

Allo shi kaɗai ba ya tsayar da mota. Abu uku ne suke tafiya tare. Na fari, allon da kowa zai gani, a sake shi in ya goge ko an sace. Na biyu, tudun rage gudu da masana hanya suka gina, mai faɗi, mai fenti, da alama kafin a iso shi. Yanzu abin da ake yi shi ne, sai mota ta kashe yaro, 'yan unguwa su fusata su tara ƙasa ko su gicciya kututture a titi, da dare kuma mai babur ya ci karo da shi ya karye. Fushinsu da gaskiya, amma aikin hukuma ne, kafin a mutu ya kamata a yi shi. Na uku, ɗan sanda a ƙofar makaranta lokacin shiga da tashi, da tara mai takarda wadda za ta hau kan kowa, har mai babbar riga. Tarar da take ƙarewa a aljihu ba ta koya wa direba kome sai ya riƙa ajiye canji.

Me ya sa na ce hukumar gari? Domin wanda yake zaune a ofis a Yamai bai san wace rana kasuwar Galmi take cika titi ba, bai san ta wace kwana 'yan makarantar Tasawa suke ɓullowa ba. Mai unguwa ya sani, malamin makaranta ya sani, matan da suke tuya a bakin titi sun fi kowa sani. Saboda haka kada mu jira. Iyayen yara, limamai da fastoci, shugabannin tasha da na 'yan kabu-kabu, su zauna su rubuta wuraren da aka sha yin hatsari a garinsu, su ɗauki takardar su kai wa hukumar gari da hannunsu, su koma bayan wata guda su tambayi inda aka kwana. Musulmi da Kirista titi ɗaya 'ya'yansu suke tsallakawa, ba abin da zai hana su shiga ofishin nan tare.

Kai kuma ɗan'uwana mai tuƙi, ba sai an kafa allo ba. Da ka ga gidajen farko na gari, ɗaga ƙafarka. Yaron da yake gefen titi bai san lissafin birki ba, kai ka sani yanzu. Sannu ba ta hana zuwa.